Tekun Aral: Auduga Ta Sha Ruwa, Masunta Sun Sha Ƙura

A arewa maso yammacin ƙasar Uzbekistan akwai wani gari mai suna Moinak, inda jiragen kamun kifi suke jere a kan rairayi, tsatsa ta cinye su, kuma daga inda suke sai an yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin a ga ruwa. A shekarun 1950 wannan gari tashar jiragen ruwa ce mai masana'antar saka kifi a gwangwani, kuma masuntan Tekun Aral, babban tafkin da yake tsakanin Uzbekistan da Kazakhstan, gaba ɗaya suna fitar da kifi fiye da tan 40,000 a shekara. A 1960 faɗin ruwan ya kai kimanin murabba'in kilomita 68,000, shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya. Yau abin da ya rage ƴan kududdufai ne rarrabe, sauran filin kuma ya koma hamada, har an raɗa mata suna Aralkum.

Sau da yawa idan an yaɗa hotunan waɗannan jirage sai a rubuta a ƙasa cewa wannan aikin sauyin yanayi ne. Ni ban yarda da wannan bayani ba, domin yana wanke waɗanda suka aikata abin. Ƙafewar Aral shawara ce da mutane suka yanke a ofis, da alƙalami da lissafi, suna sane da inda za ta kai, kuma abin da ya sa suka iya yanke ta cikin kwanciyar hankali shi ne ba su ne za su zauna a bakin tafkin ba.

Yankin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi karatun zaure. Koguna biyu ne suke shayar da Aral, Amu Dariya da Sir Dariya, waɗanda littattafan Larabci suke kira Jaihun da Saihun. Tirmiz, garin da ake jingina Imam Tirmizi gare shi, yana bakin Amu Dariya, Bukhara da Samarkand suna tsakanin kogunan biyu, kuma a ƙarshen kogin, kafin ya faɗa tafkin, nan ne ƙasar Khawarizm da ta haifi Al-Biruni. Mutanen wannan wuri sun shekara dubbai suna noman rani, sun san haƙa magudanar ruwa da rabon ruwa tsakanin gonaki tun kafin a san za a yi wata Tarayyar Sobiyet, amma duk tsawon wannan zamani kogunan suna isa tafkin da ruwansu a mafi yawan lokaci.

Abin da ya sauya shi ne girman buri. Hukumomin Mosko sun ƙudura cewa Tarayyar Sobiyet ba za ta dogara da kowa wajen auduga ba, sai aka mayar da Asiya ta Tsakiya gonar audugar ƙasar baki ɗaya. A 1954 aka fara haƙa magudanar Karakum a Turkmenistan, wadda daga baya tsawonta ya wuce kilomita 1,300, kuma galibinta ba a yi mata daɓe ba, saboda haka ruwa mai yawa yana tsiyayewa cikin rairayi ko rana ta shanye shi tun bai kai gona ba. Filin da ake ba ruwa a yankin ya tashi daga kimanin hekta miliyan 4.5 a 1960 zuwa sama da miliyan 7 cikin shekaru talatin. A wasu shekaru na 1980, Amu Dariya ya kasa kai ruwan kirki tafkin. Injiniyoyin da suka tsara aikin sun san tafkin zai janye. Abin da suka yi shi ne auna kuɗin auduga da kuɗin kifi, suka ga auduga ta fi tsoka. A wannan ma'auni ba a saka huhun yaron da zai shaƙi ƙurar ba, ba a saka rijiyar da za ta koma ruwan zartsi ba, ba a kuma saka sana'ar da iyaye suka gada daga kakanni ba.

Ya kamata a yi adalci, domin masu kare wancan tsari suna da abin faɗa. Noman rani ya ciyar da jama'ar da take ƙaruwa da sauri, an gina makarantu da asibitoci, ilimin karatu da rubutu ya game maza da mata, kuma Uzbekistan ta yau mai mutane sama da miliyan 35 ba za ta iya rayuwa ba tare da waɗannan magudanai ba. Duk wanda ya ce a rufe su gobe domin tafki ya dawo, yana neman a sauya masifa da wadda ta fi ta ne. Abin da nake suka shi ne yadda aka raba riba da asara, aka kuma hana wanda asarar ta faɗa wa damar yin magana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kurar a nan su ne Karakalpak, al'umma Musulmi mai yarenta, wadda take da jamhuriya mai ƙwarya-ƙwaryar ƴanci a cikin Uzbekistan mai suna Karakalpakstan, da kuma Kazak na gefen arewa. Yayin da ruwa yake raguwa, gishirinsa yana ƙaruwa, har kifayen da aka saba da su suka mutu, kuma a farkon shekarun 1980 kamun kifi na kasuwanci ya tsaya cak. Domin kada a ce masana'antar Moinak ta rufe, sai aka riƙa kawo mata daskararren kifi daga tekuna masu nisan dubban kilomita tana sakawa a gwangwani, wanda a ganina shi ne ya fi komai nuna halin wannan gwamnati: an fi damuwa da rahoton ya cika a kan gaskiyar da take ƙasa. Haka ma audugar kanta, domin bayan mutuwar shugaban jam'iyyar Kwaminis na Uzbekistan, Sharaf Rashidov, a 1983, bincike ya bankaɗo cewa an daɗe ana ƙara alƙaluman girbi a takarda ana karɓar kuɗin audugar da ba a taɓa nomawa ba.

Ƙasan tafkin da ya bushe ya tara gishiri tare da ragowar maganin ƙwari da takin zamani da suka gangaro daga gonaki shekara da shekaru. Idan iska ta taso sai ta kwashi wannan ƙura ta watsa a kan garuruwa da gonaki. Yankin ya yi suna da yawan tarin fuka, cututtukan numfashi da na ƙoda, ƙarancin jini a tsakanin mata masu juna biyu, da mutuwar jarirai fiye da sauran sassan ƙasar. Yanayin kansa ya sauya, tunda babu ruwan da yake sassauta shi, zafi ya ƙara tsanani, sanyi ya ƙara tsawo. Magidanta suka kama hanyar cirani zuwa Kazakhstan da Rasha, aka bar tsofaffi da mata da yara. Akwai ma wani tsibiri a tsakiyar tafkin inda sojojin Sobiyet suka riƙa gwajin makaman ƙwayoyin cuta. Da ruwa ya janye a 2001 sai ya haɗe da tudu.

Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ba ta sauya lissafin ba, masu lissafin kawai ta sauya. A zamanin shugaban Uzbekistan Islam Karimov gwamnati ta ci gaba da ƙayyade wa manoma yawan audugar da za su kawo, kuma duk kaka ana kwasar ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti zuwa tsinkar auduga ta tilas. Sai bayan zuwan magajinsa Shavkat Mirziyoyev a 2016 aka fara warware wannan, har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana cewa a girbin 2021 an daina aikin tilas a matsayin tsari. A tsakanin wannan lokaci, a 2014, hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna ɓangaren gabas na kudancin tafkin ya ƙafe ƙurmus.

Abin da ya faru a gefen Kazakhstan shi ne ya fi jan hankalina. Tun ƙarshen shekarun 1980 tafkin ya rabu biyu, ƙarami a arewa, babba a kudu. Mutanen yankin arewa da hukumominsu na gida suka yi ta tare ruwan Sir Dariya da shingen ƙasa, ruwa yana karya shi suna sake ɗagawa, har gwamnati da Bankin Duniya suka gina madatsar Kok-Aral mai tsawon kilomita 13, aka kammala a 2005. Cikin watanni ruwa ya hau da mitoci, gishiri ya ragu, kifi ya dawo, wasu masunta suka koma su, kuma ruwan ya matso kusa da garin Aralsk duk da bai kai tsohuwar tashar ba. Wannan ƙaramin aiki ne idan an kwatanta da shirin karkato kogunan Saiberiya zuwa kudu, wanda aka yi ta alkawari da shi har aka soke a 1986. Ya yi nasara ne saboda ya fara daga buƙatar waɗanda suke wurin, kuma ya amince cewa ba za a iya ceto komai ba. Sai dai yana da nasa farashi, domin ruwan da aka tare a arewa ragi ne ga kudu. A can kudun an haƙura da ruwa, ana dasa itacen saksaul mai jure gishiri a fili sama da hekta miliyan 1 domin ya riƙe ƙura, ana haƙar iskar gas a inda a da ake jefa koma, ana kuma kawo ƴan yawon buɗe ido su ɗauki hoto da jiragen.

Mai karatu daga Hadeja ko Nguru zai gane wani ɓangare na wannan labari, domin madatsun Tiga da Challawa sun amfani manoman Kadawa da birnin Kano, amma sun rage ambaliyar da fadamun ƙasa suke rayuwa da ita. Tafkin Chadi kuwa kada a yi gaggawar haɗa shi da Aral, tunda farin shekarun 1970 da 1980 ne ya fi yi masa illa.

Yanzu kuma sabon mai ɗiba ya shigo. A 2022 gwamnatin Taliban ta fara haƙa magudanar Kosh Tepa mai tsawon kilomita 285 daga Amu Dariya. Babu mai iya cewa Afghanistan ba ta da haƙƙi, tunda kogin ya bi ta iyakarta, kuma yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashe biyar na yankin suka sa wa hannu a Almaty a 1992 ba ta saka ta ba. Amma duk abin da aka ɗiba a sama, a Khawarizm da Karakalpakstan za a ji shi. Idan Uzbekistan da Turkmenistan za su zauna da Afghanistan a kan sabon rabo, ra'ayina shi ne a rubuta kason da dole ya isa ƙarshen kogin tun kafin a raba saura, kuma a bai wa wakilan Nukus, babban birnin Karakalpakstan, kujera a zaman.