"Ai na yara ne": uzurin da ke lalata finafinan katun na kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana kallon fim ya san jikin yaro ba ya ɓoye komai. Idan labari ya kama shi, za ka gan shi ya daskare, baki a buɗe, abin da ke hannunsa ma ya manta da shi. Idan bai kama shi ba, sai mutsu-mutsu: ya kwanta, ya tashi, ya ja zaren kujera, ya nemi ruwan da ba ya jin ƙishirsa. Kwanakin baya na kunna wa 'yata mai shekara bakwai da ƙaninta wani sabon fim ɗin katun. Launuka sai walƙiya suke, kowa a cikinsa ihu yake, ba a minti biyar ba tare da waƙa ba. Ƙanin ya yi dariya sau biyu, duk a inda wani ya faɗi ƙasa. Ita kuwa, bayan kamar rabin awa, ta juyo ta ce, "Baba, shi wannan me yake nema ne?"

Na rasa amsar da zan ba ta, domin fim ɗin kansa bai da ita. Kuma tun daga ranar nake ganin wannan tambaya ita ce ke raba finafinan iyali da ake komawa gare su shekara da shekaru da waɗanda ake mantawa da su kafin a kashe talabijin. A ganina, mafi yawan waɗanda suka ba masu kallo haushi ba rashin kuɗi ko rashin gwaninta ya kayar da su ba. An fara gina su ne daga abin da ake son sayarwa, suna ko kayan wasa ko fuskar jarumi ko sabuwar fasaha, sannan daga baya aka nemo labari aka lulluɓa a kai. Wanda ya yi ƙorafi kuma sai a ce masa, ai na yara ne.

Lokacin da kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story a 1995, fim mai cikakken tsawo na farko da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta, mutanen da ke cikinsa tamkar roba suke, karen ma bai yi kama da kare sosai ba. Amma ba wanda ya damu, saboda kowane yaro ya fahimci Woody, abin wasan yaro da ke jarumin fim ɗin, nan take: ana ƙaunarsa, sai ga wani sabo ya zo, yana tsoron a jefar da shi. Yaron da aka taɓa yi wa ƙani ya san wannan zafin.

Yanzu a kwatanta da The Emoji Movie na kamfanin Sony, wanda ya fito a 2017. Jaruminsa, Gene, alama ce ta emoji da ke zaune cikin wayar wani yaro, kuma laifinsa shi ne fuskarsa na nuna yanayi iri-iri maimakon guda ɗaya da aka ware masa. Za a goge shi, sai ya gudu. Har nan da sauƙi. Amma ina ya gudu? Ya faɗa cikin wasan Candy Crush, aka tsaya aka koya wa mai kallo yadda ake buga shi. Ya wuce Just Dance, aka tsaya aka yi rawa. Aka bi ta Spotify, ana neman isa Dropbox, daga ƙarshe tsuntsun Twitter ya zo ceto. Tafiyar jarumin ba ta bin abin da ke zuciyarsa, tana bin jerin manhajojin da ake son yaro ya san sunansu. Uba ya biya kuɗin tikiti domin a nuna wa ɗansa talla ta kusan awa ɗaya da rabi, kuma darasin da aka liƙa a ƙarshe, wai ka zama kanka, an sha faɗinsa a finafinai da dama da suka fi wannan gaskiya. A 2018 fim ɗin ya samu lambar Golden Raspberry ta fim mafi muni na shekara, karo na farko da fim ɗin katun ya ɗauki wannan abin kunya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ma'aikatan ba su gaza ba. Shekara ɗaya bayan fitowar The Emoji Movie, wannan kamfani dai ya fitar da Spider-Man: Into the Spider-Verse, wanda ya ci lambar Oscar kuma ya sauya yadda ake zana katun da kwamfuta. Haka nan The Lego Movie na 2014 talla ce ta kayan wasa daga farko har ƙarshe, amma an zauna an tambayi me yaro ke ji idan babansa ya hana shi taɓa abin wasa, aka gina fim a kan wannan. Wato ko kasuwanci ne ya haifi fim, ana iya ba shi rai idan an ga dama.

Cars 2 na 2011 ya fi zafi, domin daga Pixar, gidan da aka yarda da shi, ya fito. Kashi na farko, na 2006, labari ne mai natsuwa: motar tsere mai girman kai ta maƙale a wani ƙaramin gari da babbar hanya ta kauce wa, ta koyi darajar mutane. A tseren ƙarshe wannan jarumi, Lightning McQueen, ya taka burki dab da layin nasara, ya koma ya turo tsohuwar motar da ta yi haɗari har ta ƙarasa tserenta. Yara sun riƙe wannan. Sai dai kayan wasa da riguna da jakunkuna masu hoton motocin sun kawo cinikin da aka ƙiyasta ya kai kusan dala biliyan 10 cikin shekara biyar, kuma duk wanda ya kalli kashi na biyu zai ga inuwar wannan ciniki a cikinsa. Aka ture McQueen gefe, aka ɗauko abokinsa Mater, tsohuwar janwe mai tsatsa, aka mai da shi ɗan leƙen asiri, ana yawo da shi daga Japan zuwa Italiya zuwa Ingila. Kowace ƙasa da sababbin motocinta, kowace mota da kwafinta a kanti. Ga bindigogi, ga bama-bamai, har da wurin da aka ɗaure wata mota ana gana mata azaba sai da ta tarwatse. Iyayen da suka kawo 'yan shekara huɗu saboda sun amince da kashi na farko ba wannan suka zo gani ba. Mater kuwa gishiri ne a fim na farko, kaɗan ake sa shi; da aka mai da shi shi ne abincin gaba ɗaya, sai ya gundure. Shi ne fim ɗin Pixar na farko da bai shiga ko jerin 'yan takarar Oscar na katun ba tun da aka ƙirƙiro rukunin.

Akwai kuma masu tara manyan jarumai su ɗauka an gama aiki. Shark Tale na DreamWorks, a 2004, ya kwaso Will Smith da Robert De Niro da Angelina Jolie da Martin Scorsese, aka zana kifaye da kamannin fuskokinsu, aka cika fim ɗin da barkwanci kan finafinan 'yan mafiya waɗanda babu yaron da ya taɓa kallo. Jarumin maƙaryaci ne da ya ɗauki kuɗin biyan bashi ya zuba a caca. Manya na murmushi saboda sun gane muryoyin, yaro na zaune bare a fim ɗin da aka ce nasa ne. Jerin Ice Age kuma tsufa ya yi a idon jama'a: ya fara a 2002 da dabbobi uku da ke mayar da jaririn ɗan Adam ga mahaifinsa, ya kai kashi na biyar a 2016 da kurege a cikin kumbo yana turo duwatsu daga sararin samaniya.

Wata cutar ta daban ita ce son burgewa da fasaha. The Polar Express na 2004 ya yi amfani da na'urorin da ke ɗaukar motsin jikin ɗan wasa su mayar da shi zane, Tom Hanks ya taka rawa da dama a ciki. Sakamakon shi ne yara masu fatar mutane da idanun gilashi. Tun a 1970 wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya bayyana wannan: idan abu ya kusa zama mutum amma bai ƙarasa ba, zuciya ba ta sonsa, ƙyamarsa take. Ba a ji ba. Mars Needs Moms na 2011, wanda aka yi da irin wannan fasaha a kan kusan dala miliyan 150, bai dawo da ko miliyan 40 ba.

Amma misalin da ya fi tsaya mini shi ne The Lion King na 2019. A na asali, wanda aka zana da hannu a 1994, akwai wurin da ɗan zaki Simba ya sauko cikin kwazazzabo bayan garke ya wuce, ya tarar da mahaifinsa a kwance. Kunnuwansa suka faɗi, girarsa ta tattare, idanunsa suka cika, ya tura kansa ƙarƙashin hannun uban ya kwanta. Ko an kashe sauti, ɗan shekara biyar ya san abin da ya faru. A sabon, an zana kowane gashi da kowace ƙura har ka rantse kyamara ce ta ɗauka a daji. To amma zaki na gaske ba ya kuka, ba ya ɗaga gira. Murya na rawa da baƙin ciki, fuska kuwa ta ɗan zaki ce kawai da ke kallon gabansa. An kashe makudan kuɗi an cire abu guda da katun ya fi kyamara da shi, wato ikon sa fuskar dabba ta faɗi abin da ke zuciyar mutum. Fim ɗin ya fi na asali tsawo da kusan rabin awa, amma babu wani abu da ya ƙara wa labarin.

Na san abin da za a ce. Wannan fim ya tara sama da dala biliyan 1.6. The Emoji Movie ma, da aka kashe wa kusan miliyan 50, ya kawo sama da miliyan 200. Idan jama'a ba sa so, wa ya saya? Hujja ce mai nauyi, amma tana auna abin da ba shi ake magana a kai ba. Tikitin fim ɗin iyali kafin a gani ake sayensa, kuma ba mai kallon ne ke zaɓa da sani ba. Yaro ya ga talla ya nace, uwa na neman abin da zai zaunar da yara awa biyu lokacin hutu, uba na tuna fim ɗin da ya kalla yana ƙarami. Kuɗin da aka tara shaida ce ta ƙarfin suna da talla da amanar da finafinan baya suka gina. Ba ta nuna ko wani ya fita da abin da zai riƙe.

Za a kuma ce yara sun yi dariya, me ake so kuma? Gaskiya ne sun yi. Yaro zai yi dariya idan wani ya zame ya faɗi, ko sau goma ne. Amma wannan yaron ne dai ya zauna shiru a farkon WALL-E na 2008, inda aka daɗe babu wata hira, sai ƙaramin mutum-mutumi da ke tattara shara shi kaɗai a duniyar da kowa ya watse. Shi ne ya kalli 'yan mintocin farkon Up na 2009, inda aka nuna auren Carl da Ellie tun daga ƙuruciya har rasuwarta ba tare da kalma ba, ya juyo yana tambayar ina matar ta tafi. Yara na iya ɗaukar kaɗaici da rashi da kishi idan an ba su da gaskiya. Wanda ya ce hayaniya kawai suke iya ɗauka ya raina su ne. Kuma yaro ba ya kallon fim sau ɗaya kamar babba. Yakan maimaita shi har ya haddace, saboda haka abin da aka zuba a ciki yana zama a kansa.

Abin da ya sa ba na karɓar uzuri daga manyan kamfanonin nan shi ne yadda ake yin aikin kansa. Fim ɗin katun na minti 90 hotuna ne kusan 129,600, ashirin da huɗu a kowace daƙiƙa, kuma kowanne da tsadarsa. Saboda haka ba a fara zanen ƙarshe sai an haɗa fim ɗin gaba ɗaya da zanen fensir da muryoyin wucin gadi, an zauna an kalla, an wargaza, an sake, sau da yawa cikin shekaru. A irin wannan zama ne, a ƙarshen 1993, aka kalli Toy Story aka ga Woody ya fito azzalumi mai tsawa, wanda ya jefa Buzz, sabon abin wasan da yake kishi da shi, ta taga da gangan. Aka dakatar da aikin, aka koma kan rubutu, sai da aka samo Woody ɗin da yara za su tausaya wa. Duk finafinan da na ambata sun bi ta irin wannan ɗaki. Manya masu hankali sun zauna sun ga Gene yana yawo daga manhaja zuwa manhaja, sun ga motar da ake gana wa azaba, sun ga fuskar Simba ba ta motsi a gaban gawar ubansa, tun kafin kowane yaro ya gani, kuma suna da lokacin gyarawa. Suka duba ranar da aka sa ta fitowa, suka ce a ci gaba.