Ba Ke Kaɗai Kika Rage Ba

Salama gare ku 'yan'uwana cikin Almasihu, musamman mu mata da muke aikin gida a nan Riyad da Jidda da Dammam.

Ina so mu yi magana ne a kan tunanin nan da ke zuwa da dare, bayan an gama wanke-wanke an kashe wutar kicin kin shiga ɗaki kin kwanta, jiki duk ya mutu amma barci ya ƙi zuwa, sai zuciya ta fara saƙa da warwara, wai yaranki sun manta da ke, wai riyal ɗin da kike turawa gida ba ya tsinana komai, wai kwangilar shekara 2 ɗin nan asara ce, wai Allah ma ya juya miki baya tunda ko coci ba kya zuwa. Na san abun nan sosai. Watannina na farko haka na dinga yi, ƙarfe 2 na dare ina riƙe da waya ina lissafin a Jos sha biyu ne kowa ya yi barci, ba wanda zan kira. Ga Lahadi ranar aiki ce a ƙasar nan, lokacin da ake rera waƙa a majami'armu ni ina durƙushe ina goge tayil, hawaye na ɗiga cikin bokiti.

Wata mama da muke addu'a tare ta waya ran Juma'a ita tace min, 'yata buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ne fa, wanda bai daɗe da tsayawa gaban annabawan gunkin nan Ba'al su 450 a Dutsen Karmel ba har wuta ta sauko, amma saƙon barazana ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa shi gudu har Biyersheba, ya bar baransa a can ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna gindin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Toh ku dubi abun da Ubangiji ya yi masa, bai yi masa faɗa ba, bai ce ina bangaskiyarka ba, ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ga gurasa ga tulun ruwa, har sau biyu. Nan ne ya fi taɓa ni gaskiya, don wani lokacin abun da muke cewa Shaiɗan ya sa mu gaba, gajiya ce da yunwa da rashin barci suka buɗe masa ƙofa.

Da Iliya ya kai Dutsen Horeb bayan kwana 40 maganarsa ɗaya ce, ni kaɗai na rage. Haka yake ji har cikin ransa amma ba gaskiya ba ne, Allah yace akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

Shi ya sa yanzu in tunanin ya zo bana zama in yi ta hira da shi, tambayarsa nake, wa ya faɗa? Yaro na ya manta da ni? Ga muryarsa nan a WhatsApp shekaranjiya yana cewa mama an biya kuɗin makaranta. In kunna in ji, sai in buɗe Filibiyawa 4:6-8 in karanta a hankali, wanda Bulus ya rubuta yana tsare a kurkuku, shi ma ba a gida yake ba. In faɗa ma Yesu damuwar da sunanta, in ci wani abu in kwanta. Wasu dararen yana dawowa, sai in sake.

'Yar'uwa in naki ya kai har kina jin gara ki mutu, don Allah kar ki rufe ɗaki da shi, ba rashin bangaskiya ba ne, ki gaya ma wata cikinmu ko fastonki na gida, ki nemi a kai ki asibiti. Ran Juma'a bayan abincin rana muna addu'a ta waya, ki turo min saƙo in saka ki.