Tambayar da wani dattijo ya yi mini a Connemara

Shekarata ta shida ke nan ina aikin jinya a birnin Galway da ke yammacin ƙasar Ayilan, amma sai a watan jiya na taka cikin ƙauyukan Connemara, alhali tafiyar ba ta fi daga Sakkwato zuwa Wurno ba. Wata abokiyar aikina ce ta gayyace ni da iyalina bikin buɗe zauren taron ƙauyensu bayan an gyara shi. Hanyar tana bin gaɓar teku, ƙasar kuwa duwatsu ne zalla, an yanyanka ta ƙanana ƙanana da katangun dutse waɗanda aka jera ba laka ba siminti, tumaki na kiwo a ciki kowace da shafin fenti a baya don mai ita ya gane ta. Iska tana kaɗawa ba hutu, yayyafi yana zuwa yana ɗaukewa sau goma a wuni, kuma daga bututun hayaƙin gidaje ana jin ƙamshin wata baƙar ƙasar fadama da suke yankowa su busar su riƙa ƙonawa kamar itace. Manomin bakin gulbin Rima da zai ga wannan ƙasa, cewa zai yi ba ta isa a zuba mata iri ba. Duk da haka kwalta ta kai ƙofar kowane gida, da wuta da ruwan famfo, kuma tun muna hanya na lura allunan gefen titi sun daina magana da Turanci, sun koma harshensu na gado da suke kira Gaeilge.

A cikin zauren an jera shayi da burodi, tsofaffi a gaba, yara na guje-guje a baya, kuma duk jawabin da aka yi da Gaeilge aka yi shi. A bakin ƙofa an manna allo mai ɗauke da sunayen hukumomin da suka ba da kuɗin gyaran, har da abin da mutanen garin suka tara da kansu. Ina tsaye ina duba allon sai wani dattijo mai sanda ya matso muka gaisa, ya tambaye ni daga ina nake, sannan ya tambayi harsuna nawa ake yi a jiharmu da abin da gwamnati take kashewa a kansu. Na amsa masa da alfahari cewa harshena Hausa ne, miliyoyin mutane ke yin sa daga Nijeriya da Nijar har Sudan da Gana, kuma bai taɓa jiran tallafin kowa ba. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ba babban yake tambaya ba, ƙananan da ke zaune a inuwarsa yake nufi. Ban sami abin da zan ce masa ba, kuma har yau maganar tana ci mini rai.

Da na dawo gida sai na zauna na bi diddigin yadda aka yi ƙauyen duwatsu ya sami irin wannan gata. Tsarin mulkinsu na 1937 ya sa Gaeilge a matsayin harshen hukuma na farko, amma rubutun takarda bai hana samari tserewa Ingila da Amurka neman abinci ba, kuma duk wanda ya tafi da harshen a bakinsa yake tafiya. Mutanen yankin ne suka tashi suka matsa lamba, har a 1970 wasu matasan Connemara suka buɗe gidan rediyo ba da izinin hukuma ba, kuma a 1972 gwamnati ta kafa musu na halal, Raidió na Gaeltachta, a ƙauyen Casla. A 1980 aka kafa hukumar Údarás na Gaeltachta, wadda aikinta shi ne jawo masana'antu da ayyukan yi zuwa yankunan da ake jin harshen, waɗanda ke warwatse a gundumomi bakwai, kuma hedikwatarta tana nan cikin karkarar Galway. A 1996 aka buɗe gidan talabijin na harshen, shi ma a Connemara aka ajiye shi, ba a babban birnin Dublin ba. Da bazara ɗalibai daga birane suna zuwa su zauna a gidajen mutanen ƙauye don koyon harshen, gwamnati kuma tana biyan matan gidajen wani abu a kan kowane ɗalibi. Dokar harsunan hukuma da suka gyara a 2021 ta sa burin cewa kafin ƙarshen 2030 kashi 20 cikin ɗari na sababbin ma'aikatan gwamnati su kasance masu jin Gaeilge. Ban da wannan akwai kuɗin raya karkara na kowa da kowa, kamar shirin LEADER na Tarayyar Turai da ke gudana tun 1991, inda ƙungiyar gari za ta rubuta buƙatarta ta kai wa kwamitin yankinta, da wani asusu na yuro biliyan 1 da aka ware daga 2019 zuwa 2027. Abin da na fahimta shi ne sun ɗaure harshe da tuwo wuri guda, domin sun gane in ƙauye ya watse babu malamin da zai riƙe harshen a aji.

Adalci ne in faɗi cewa duk wannan ɗawainiya ba ta warkar da ciwon ba. Ƙidayar 2022 ta nuna kusan mutum miliyan 1.9 sun ce suna iya Gaeilge, amma waɗanda ke yin sa kullum a wajen makaranta ba su wuce kimanin 72,000 ba, adadin da unguwanni kaɗan na birnin Sakkwato za su cike. Abokiyar aikina da kanta ta ce ƙannenta sun kasa samun gidan zama a ƙauyen saboda tsada, sun koma birni. A hanyarmu ta dawowa na yi ta faɗa wa matata cewa harshen da sai an sa masa ƙarin ruwa yake numfashi ba zai yi mana gori ba, cewa Hausa tana cika kasuwa da masallaci da waya ba tare da sisin gwamnati ba, cewa su mutum miliyan biyar ne da 'yan kai mu kuwa mun haura miliyan ɗari biyu da harsuna sama da ɗari biyar, ga 'yan bindiga sun hana mu noma. Duk gaskiya ne, kuma har yanzu ina jin zafi idan Bature ya yi mana kallon marasa dabara. Sai dai ita ta yi shiru har na gama, sannan ta ce, "Baban Hauwa, duk wannan bai amsa tambayar tsohon ba."

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen shirye-shirye. An yi hukumar DFRRI a 1986 zamanin Babangida don hanyoyi da ruwan karkara, an yi shirin Fadama da kuɗin Bankin Duniya, ga madatsar Goronyo tana tare ruwan da zai iya ciyar da rabin jiha. Amma ku da kuke gida kun fi ni sanin yadda aiki ke isa ƙauye. Burtsatsen garinmu ya lalace shekara biyu da suka wuce, ƙungiyar ci gaban gari ta yi ta kai kuka har takalma suka ƙare, ƙarshe mu 'yan ci-rani muka yi karo-karo, samari suka yi gayya aka tayar da shi. Ba mu rasa haɗin kai ba, don gayya ta girmi duk wani shirin Turai. Abin da muka rasa shi ne ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa da takardarsa a hannu a duba ta bisa ƙa'ida, ba sai ya bi ta zauren wani ubangida ya durƙusa ya yi kirari ba. A Connemara kuɗin haƙƙi ne, shi ya sa aka rubuta shi a allo kowa ya gani. A wurinmu sunansa romon dimokuraɗiyya, kuma in ya zo sai an yi godiya kamar daga aljihun mai kawowa ya fito. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma ina fatan ganin ranar da za a manna lissafin wannan kuɗi a ƙofar kowace sakatariya.

Batun harshen ne ya fi hana ni barci, domin a ƙasar Sakkwato mu Hausawa ne a matsayin da Turanci yake a Ayilan. Zabarmawa da Buzaye da ke garuruwan kan iyaka suna koyon Hausa tilas don ciniki da asibiti da kotu, mu kuwa ba mu taɓa jin nauyin koyon gaisuwarsu ba. Fulatanci ya fi ba ni takaici. Da shi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙoƙin wa'azi masu yawa, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura mata malamai da ake kira jaji ƙauye ƙauye suna karantar da mata da harshen da suke ji. Wannan tsarin ilimin karkara ne da aka yi a ƙasarmu tun kafin a haifi jamhuriyar Ayilan. Yau a birnin Shehu gidaje nawa ne na masu alfahari da asalin Fulani da za a tarar yaransu suna hira da Fulatanci? An kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, an fitar da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, kuma a Nuwamban 2025 gwamnatin tarayya ta soke ta ta koma Turanci. Ko lokacin da manufar take raye, harshen uwa a ajin ƙauyenmu Hausa yake nufi, ɗan Fulani da ɗan Buzu su bi sahu. Abin da ya fi muni shi ne rikicin daji ya sa yanzu akwai masu jin Fulatanci a kasuwa su ja jikinsu, har uwa takan kwaɓi ɗanta kada ya yi shi a cikin mota.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Inna Babba, Bafulatana ce, da Fulatanci take yi wa shanu magana, da shi take rarrashinmu, da shi take addu'a bayan sallar asuba. Mahaifiyata tana ji amma da Hausa take amsawa, ni kuwa 'yan kalmomi kawai suka rage mini. Babu wanda ya hana mu, babu dokar da ta ƙwace shi, mun dai ga ba ya sayen komai a gari muka sake shi. A nan kuma 'yata Hauwa dole ta yi Gaeilge a makaranta kamar kowane yaro, ta dawo tana ƙirga mini a haon, a dó, a trí, Hausarta kuwa sai na ja ta da ƙyar take fitowa. Ranar da muka dawo daga Connemara ta ce in ƙirga mata da harshen kakata. Na ce go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi, daga nan na tsaya.

Da dare na buga wa ƙanen mahaifiyata waya. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ko akwai wata tsohuwa a rugar su Inna Babba da za a ɗauko mini muryarta tana waƙoƙin da take yi mana?" Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ɗana, ai rugar ta tashi tun bara da aka kore shanun, kowa ya kama gabansa." Ya ce akwai wata goggonsu da ta rage, an ce tana zaune wajen jikarta a bayan gari cikin Sakkwato, zai sa a nemo gidan in Allah ya kai mu Juma'a. Na tura masa kuɗin mota da na goro, ina jiran kiransa.