Falle ɗaya ya tsage, aka ce in zubar da sifirin gaba ɗaya

Ranar Talatar da ta wuce wani yaro da bai kai ƙanina na uku ba ya yi min dariya a gareji, kuma har yau abin bai fita daga raina ba. 'Yar dariyar nan ce ta gefen baki, irin wadda Bature ke yi idan ka faɗi abin da yake ganin zancen mutanen da ne. Laifina kawai, na tambaye shi ko za a iya zare fallen sifirin ɗin bayan motata da ya tsage a sa wani, a bar sauran huɗun da lafiyarsu ƙalau.

Bari in kai ku wurin tukuna, don ku gane inda na tsaya. A jihar Pensilbeniya, inda nake zaune kusa da birnin Pitsbag, doka ce kowace shekara ka kai motarka a duba lafiyarta. Gareji masu zaman kansu ne ke yin aikin, amma da lasisin jiha, kuma bakaniken da ya sa hannu a kan motar da ba ta cancanta ba yana iya rasa lasisinsa. Idan ta ci jarrabawa sai a manna maka 'yar sitika a gilashin gaba mai ɗauke da wata da shekara. Idan watan ya wuce ba ka sabunta ba, ɗan sanda na iya tsayar da kai ya rubuta maka tara, babu "Yallaɓai a yi haƙuri".

Garejin kuwa kamar asibiti. Ƙasa a goge, ba ɗigon baƙin mai. Kowane sifana yana da gurbinsa a cikin akwatin ƙarfe ja mai taya. Ba rami, injin ɗaga mota ne ke cira ta sama har mutum ya shiga ƙarƙashinta a tsaye. Kai mai mota ba ka isa ka taka wurin ba, an ja layi a ƙasa, wai saboda inshora. Ana ajiye ka a wani ɗaki mai kujeru shida da talabijin da kofi a kofin takarda, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ba mai ce wa wani sannu. Bayan kamar minti arba'in yaron ya shigo da hotuna a ƙaramar kwamfutar hannu, yana shafa min su ɗaya bayan ɗaya kamar likita mai nuna hoton ƙirji.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce ta 2004, na saye ta hannu na uku, ina kwasar kayan gyaran gidaje da ita a ƙarshen mako. Abin da ya samo uku ne. Bol-jon na ƙasa na gefen direba, wato mahaɗar ƙafar gaba, ya yi wasa. Shokazoba biyu na baya sun zubar da mai. Sai fallen sifirin na biyu a gefen dama da ya tsage kusa da noti na tsakiya. Ya miƙo min lissafi. Kuɗin aikin hannu kaɗai, da ake ƙirga shi awa-awa, ya ɗara kuɗin kayan, kuma jimillar ta kusa rabin abin da na sayi motar. A ciki ya rubuta sifirin sabo fil, hagu da dama, da sababbin ƙusoshin da ke ɗaure shi da ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya.

A nan ne na yi tambayata. Ya ce su ba sa buɗe sifirin, duka suke canzawa, kuma bibbiyu. Sai na ƙara da cewa a garinmu akan zare falle ɗaya, wani lokaci ma a yi masa walda. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni ina ne garin namu, ya yi wannan dariya, ya ce shi dai ba zai sa sunansa a kan irin wannan aiki ba.

Ina tuƙa motar zuwa gida ina tuno Kawu.

Kawu yana da Fijo 404 a-kori-kura, irin waɗanda suka cika Kaduna bayan an buɗe kamfanin haɗa Fijo a Kakuri a 1975. Da ita yake ɗauko masara daga Saminaka. Kun san yadda ake lodin, ba sai na faɗa ba, har da mutum uku a saman buhuna. Shekarun da na yi ina binsa lokacin hutu, ban taɓa ganin an sayo wa motar nan sifirin sabo a kwali ba. Idan ta zauna a baya, sai mu nufi wajen Oga, bakaniken Kawu. Ya sa yara su sauke sifirin, ya warware fallayen a ƙasa, ya ɗauki kowanne ya buga masa guduma yana saurare. Wanda ya yi ƙara garau a ajiye shi gefe, wanda ya yi ƙarar tukunyar da ta fashe a tura yaro Panteka ya nemo ɗan'uwansa. Waɗanda suka miƙe a ɗora su a kan guntun ƙarfen dogo a yi ta duka har lanƙwasarsu ta dawo. Bushin ya cinye? A yanko daga tsohuwar taya. Kafin la'asar mota ta miƙe tsaye kamar amarya, Kawu ya biya abin da ya sawwaƙa, saura sai ranar kasuwa.

To ku gaya min, tsakanin mutumin da ke gane ciwon ƙarfe da kunnensa da wanda ke duba lambar kaya a kwamfuta ya yi oda, wane ne bakanike? Ni a wurina amsar ba ta da wahala. Na nan masu canza kaya ne. Na gida su ne masu gyara.

Na san za a ce son kai ne, don haka bari in ba yaron haƙƙinsa. Maganar walda ya fi ni gaskiya. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne ta yadda zai lanƙwashe ya dawo, zafin walda kuwa yana kashe wannan, sai ya sake karyewa daidai gefen ɗinkin, galibi a lokacin da mota ke ɗauke da kaya. Ko Oga ba ya yi sai an matsa masa, yana yi yana mita. Ƙusoshin nan masu kama da ƙugiya su ma idan an ɗaure su sau ɗaya sun ɗan miƙe, mayar da su ganganci ne. Bol-jon kuwa ban yi musu ba ko kaɗan. Shi ne mahaɗar da ke riƙe ƙafar gaba tana juyawa, idan ya fita daga gurbinsa taya kan kwanta ne ƙarƙashin mota, sitiyari ya zama ado. Wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya ga mota a gefen titi ta durƙusa da ƙafa ɗaya kamar raƙumi. Kuma ba ya zuwa ba sallama: za ka ji ƙwas-ƙwas idan ka hau tudu ko ka faɗa rami, mota ta riƙa yawo a hanya, taya ta cinye ta gefe guda. Mu ne muke ƙara sautin rediyo.

Haka al'adarmu ta ƙara falle biyu ko uku don mota ta ɗauki buhu ashirin. Bayan zai daina zama, gaskiya ne, amma birki bai ƙaru ba, taya ba ta ƙaru ba, ƙarfen da ke riƙe tayoyin ma shi ne dai na jiya. A nan kowace a-kori-kura tana da takarda manne a jikin ƙofar direba da ke faɗin iyakar nauyin da za ta ɗauka. Mu a gida iyakar ita ce inda mai lodi ya gaji. Allah ya jiƙan waɗanda wannan ya ci.

Duk na yarda. Amma ba wannan na tambaye shi ba. Canza falle ɗaya da wani lafiyayye mai kauri da tsawo iri ɗaya, da sabon noti na tsakiya da sababbin ƙusoshi, aiki ne mai kyau a ko'ina a duniya. Har a nan Amurka akwai tsofaffin shaguna da sifirin ne kaɗai sana'arsu, suna yi wa manyan motoci da tireloli. Abin da ya hana yaron shi ne lissafi. Awa biyun da zai ɓata yana warware tsohon ƙarfe ta fi sabon tsada, sannan idan wani abu ya faru lauya zai nemi wanda ya sa hannu. Tsadar lokacinsa da tsoron kotu ne suka yi magana, shi kuma ya ɗauka ilimi ne. Wannan ne ya ƙona min rai.

Kuma kada wani ya ɗauka duk Amurka haka take. Ka tuƙa awa guda daga nan ka shiga Ohayo, babu wannan duba lafiyar mota ta shekara-shekara. Teksas ma ta soke tata ga motocin gida tun farkon 2025. Na ga a-kori-kura a titunan ƙasar nan da bayanta ya karkace kamar kare mai gudu, an ɗaure bamba da waya. Da a Kawo aka ɗauki hotonta, da tuni an ce ga halin Afirka. Ramuka ma suna da su. Ruwa ya shiga tsagar kwalta, sanyi ya daskarar da shi ya kumbura, ya narke, ya sake daskarewa, kafin watan Maris titunan Pitsbag sun zama abin da ɗan Rigasa zai gani ya ji kamar yana gida.

Abin da suke da shi wanda ba mu da shi, gishiri ne. Daga Disamba zuwa Maris manyan motoci ke bin titi suna watsa shi don ƙanƙara ta narke, wani lokaci tun kafin ta sauka a fesa ruwansa layi-layi. Wannan ruwan gishiri yana shiga tsakanin fallayen sifirin, ya kwanta a maƙalan da suka riƙe shi da kwarangwal ɗin mota, ya yi ta ci a ɓoye. Tamu motar lodi da rami ke kashe ta, tasu tsatsa. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 3.4 kan tsatsar kwarangwal a wasu motocinsa na Tacoma da Tundra da Sequoia. Tawa ba ta cikinsu, na kawo shi ne don ku ga girman abin. Af, Hilux ɗin da muke ji da ita a gida ba a ma sayar da ita a nan, Tacoma ce a madadinta tun 1995. Akwai harajin kashi 25 cikin ɗari da suka ɗora wa irin waɗannan motoci na waje tun 1964, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, wai ramuwar gayya kan harajin da Turai ta sa wa kajin Amurka. Rigimar kaji ta shafi a-kori-kura, ikon Allah.

Na yanke shawara. Bol-jon na bar wa gareji, don yana son injin matsewa, kuma bayansa dole a daidaita ƙafafun gaba. Shokazoba da sifirin na ce ni zan yi, ko don in huce. Shokazoba ba wuya, noti biyu ne kowanne, kuma ba shi ke ɗaukar nauyi ba, aikinsa hana mota rawa ne bayan ta faɗa rami. Idan ka danna bayan mota ka saki ta yi ta lilo fiye da sau ɗaya, ya mutu. Falle kuwa na samo shi a wata makabartar motoci da ake biyan 'yan daloli a ƙofa, ka shiga da sifanunka ka kwance abin da kake so. Layi-layi, kowace mota a ɗage, an rubuta mata lamba. Panteka ce da aka cire wa mutane. Ba mai kiranka "Alhaji me ake nema", ba mai shayi, ba yaron da zai ruga ya dawo da abu uku ka zaɓa.

Ranar Asabar na shimfiɗa kwali a ƙofar gida na shiga ƙarƙashinta. Awa biyu ina fama da noti ɗaya. Na fesa mai, na sa bututu a kan sifana na hau da ƙafa, ko gezau. Da abin ya ishe ni sai na kira Kawu ta WhatsApp, ya ce bari ya taka wajen Oga, dama a can yake yini tun da ya bar tuƙi. Oga ya tsufa, babban ɗansa ne ke riƙe da garejin yanzu, shi yana kan benci a gindin dalbejiyar nan da na sani. Na juya masa kyamara. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, a cikin teku kake ajiye ta?" Duk garejin aka kwashe da dariya. Ina jin bugun guduma a bayansu, ga rediyo, ga wani yana cinikin rake. Ya ce shekara hamsin yana wannan aiki bai taɓa ganin noti ya koma garin barkono ba. Ya ce in daina wahalar da kaina, in yanke shi da abin yanka ƙarfe, tunda sababbi zan sa.

Sai ya ce, "To wa ke riƙe maka fitila?"

Na ce ba kowa, Baba, a goshi na ɗaura ta.

Ya yi shiru, ya ce, "Ina yaron naka?"

Yaron nawa shekararsa goma sha huɗu, yana ciki da abin sauraro a kunne. A shekarunsa ni na san sifana goma sha uku daga goma sha bakwai da ido, don idan Oga ya miƙo hannu daga ƙarƙashin mota ka ba shi wanda ba shi ba, ranƙwashi ne. Ba wanda ya ce yana koya min wani abu, zama ne kawai a wurin da manya ke aiki suna hira. A nan an ja layi a ƙasa.

Bayan mun yi sallama na shiga na kira shi. Ya fito da safar hannu da hular sanyi, ya tsuguna ya riƙe min fitila, ya tambaye ni me ya sa ba za mu kai wa masu gyara ba kawai. Na buɗe baki zan ba shi labarin Fijon Kawu, sai na ga Hausar da zan faɗe shi da ita ba duka zai kama ba, Turancin kuma ban san yadda ake cewa ƙarar tukunyar da ta fashe ba. Na ce masa ya haska nan. Ya yi minti goma ya ce yatsunsa sun daskare.

Motar tana nan a ɗage, noti biyu sun fita, saura biyu. Sitika kuma ƙarshen watan nan za ta mutu.