Zoɓona a teburin Kirsimeti na Nantes

Kun dai san ba na shan giya, amma wani abokin aikina ya gayyace mu cin abincin daren 24 ga Disamba a gidan surukansa da ke birnin Nantes na ƙasar Faransa, ni da wani mutumina ɗan Damagaram. An ce kada mu zo da komai, amma tarbiyyar gida ba ta bari na shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Saboda haka na sayo zoɓo a shagon wani ɗan Senegal, na dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, na tace, na ɗura a wata koriyar kwalbar gilashi da na ɓare takardar jikinta, na kwanar da shi a firiji.

Ashe a gidan akwai wani kawun matar gida, tsoho mai farin gashin baki, wanda sha'anin abin sha duka yake hannunsa, har da takarda da ya rubuta ya jingina da tulun furanni. A tsarinsa, kawa, wato naman cikin ɓawon nan da suke zuƙewa ɗanye, ba ta tafiya sai da farar giyar Muscadet, wadda ake noman inabinta a bakin kogunan Sèvre da Maine, nan kusa da garin. Hantar agwagwa mai kitse tana jiran Sauternes mai zaƙi daga kudancin Bordeaux, talo-talo yana jiran jar giyar Burgundi, shi kuma kek ɗin nan mai siffar gungumen itace an ajiye masa shampen.

Ina miƙa kwalbata sai tsohon ya karɓe ta kafin matar gida ta kai hannu. Ya ɗaga ta wajen fitila, ya ga ja, ya shafa jikinta, ya ji sanyi, sai fuskarsa ta canza kamar ta malamin allo da ya kama almajiri yana karatu da allo a juye. A gaban kowa ya fara yi mini bayani, cikin tausayi wanda ya fi faɗa ciwo, cewa jar giya ba a saka ta a firiji, ana shan ta ne a ɗumin da bai wuce 16 zuwa 18 a ma'aunin Celsius ba, kuma idan ta haɗu da kawa a baki sai baurin da ke cikinta ya bar wa mutum ɗanɗanon ƙarfe. Na buɗe baki zan ce zoɓo ne, amma Faransancina, wanda da safe ya ishe ni yin ciniki a kasuwa, ya watse ya bar ni da "eh" da gyaɗa kai. Kafin na tattaro shi, tsohon ya riga ya shiga tarihin yadda aka jera darajar giyoyin Bordeaux a 1855 bisa umarnin sarkin Faransa Napoleon na Uku, ya kuma buɗe kwalbata ya ajiye ta kusa da na'urar ɗumama ɗaki domin ta sha iska.

A nan ne nake son ku yi mini shari'a da ɗan Damagaram. Mutumin nan yana ɗakina lokacin da nake tace zoɓon, har ya sha kofi ya ce sukari bai ji ba. Faransanci kuwa tun firamare yake yin sa, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta cece ni. Amma sai ya sunkuyar da kai yana matsa lemon tsami a kan kawa, kafaɗunsa suna rawa, har ya sami bakin tambayar tsohon ko ɗumin da ake ba kwalbar ya isa haka. Wannan fa shi ne wanda na ara wa rigar sanyina a hunturunsa na farko, lokacin da ya sauko daga jirgi da kaftani da hula kawai.

Da aka kawo talo-talo, tsohon ya ce ladabi ya sa a fara ɗanɗana abin da baƙo ya kawo. Ya zuba kaɗan a kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ya karkata shi a kan farin mayafin teburi yana duban launi, ya jujjuya shi, ya cusa hancinsa a ciki, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce yana jin ƙamshin kayan yaji da bai saba ji ba, ya juyo gare ni a natse ya tambaya wace shekara ce aka yi ta.

Na ce, "Jiya da daddare, ranka ya daɗe."

Cokula suka tsaya. Tsohon bai fasa ba, ya kurɓa, ya riƙe a baki yana juyawa kamar yadda ƙa'idarsu ta tanada, kuma a daidai wannan lokacin cittar, wadda ban yi mata rowa ba, ta isa maƙogwaronsa. Ya yi tari har idanunsa suka kawo ruwa, matar gida tana bubbuga masa baya, ɗan Damagaram kuwa ya tashi ya shige banɗaki, kuma duk teburin yana jin abin da yake yi a can.

Daga baya yaran gidan suka shanye zoɓon da ɗuminsa, wata tsohuwa ma ta nemi na rubuta mata yadda ake haɗa shi. Kawun bai ƙara yi mini magana ba sai wajen sallama, inda ya ce da kek ɗin ya kamata a ba da shi, kuma da sanyinsa. Rigar sanyin dai har yau tana wurin ɗan Damagaram, ya ce zif ɗinta ya lalace yana neman mai gyara.