Wa ya ƙera mashin da ake yi wa kirari?

A hawan Sallar da ya wuce, a wani gari na nan Arewacin Kamaru, na ga Sarkin Maƙera, dattijo mai furfura, tsaye cikin rana a bayan rumfar manyan baƙi, ba wanda ya miƙa masa kujera. Maroƙa na ta wasa mahaya, dawakan kuwa da linzamin kanti da adon leda. Har yau abin na ci mini rai.

Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da garin Waza a 2013, baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga Marwa, ake ta cewa sana'ar hannu ta mutu. Wato a wurin masu wannan magana, maƙeri da baduku ba su da aiki sai yi wa Bature tsaraba. Wannan rashin sanin asali ne.

Garuruwan nan namu a bakin daga aka kafa su. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu, Ngaundere da Tibati da Rai Buba sun zama sansanonin iyaka, tsakaninsu da Yola tafiyar kwanaki, balle Sakkwato. In kan mashi ya karye ko likkafa ta ɓalle, Kano za a aika? Maƙerin gari ke hura zuga-zugi ya kwana a kan uwar maƙera. Baduku ya ɗinka kube da ragama, maɗinki ya cusa auduga cikin lifidi har kibiya ta kasa ratsawa, wanzami ya jira masu rauni. Dalili ke nan Sarkin Musulmi Bello ke zaunar da masu sana'a a ribaɗinsa, wato garuruwan tsaron iyaka, kuma fadojin da Fulatanci ake yi a cikinsu suka riƙe sarautu da sunan Hausa: Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska. Sarautar aiki ce, mai ita ya tara mutanensa, ya raba musu aiki, ya amsa a gaban Lamiɗo. Ko Rabe, da ya ci Barno a 1893, sai da ya ajiye masu gyaran bindiga da masu haɗa albarushi a Dikwa.

Wani zai ce bindigar Jamus ta rufe wannan babi tun 1902, da Jamusawa suka ci Fulani da yaƙi a Marwa. To, ai har mahayan ta kayar, amma su har gobe algaita ake busa musu.

Fadoji su daina sayo kayan hawa daga waje, su ba maƙera da dukawan gari aikin. Sallah mai zuwa kuma a sa wa dattijon nan kujera cikin rumfa, kusa da Sarkin Yaƙi.