Mid'hat Frashëri: mutumin da aka goge sunansa da haruffan da ya tsaya wa

Akwai wani ɗan siyasar Albaniya da labarinsa yake hana ni sukuni duk lokacin da na tuna shi. Sunansa Mid'hat Frashëri, an haife shi a Janina (a ƙasar Girka ta yau) a 1880, ɗan Abdyl Frashëri ne, ɗaya daga cikin jagororin fafutukar 'yancin Albaniyawa a zamanin Daular Usmaniyya.

A watan Nuwamba na 1908, yana ɗan shekara 28, shi ya shugabanci taron tsayar da haruffan rubuta harshen Albaniya a Manastir, garin da yau ake kira Bitola, a Macedoniya ta Arewa. A lokacin Albaniyawa kowa da nasa rubutun: wannan da haruffan Girka, wancan da na Larabci, wani da na Latin. Mu da muka san gardamar boko da ajami mun san irin zafin wannan magana, domin har addini take taɓawa. Musulmi da Kiristoci suka zauna kwana da kwanaki, daga nan aka sa tushen haruffa 36 da yaran Albaniya suke koya har gobe. A 1912 kuma yana cikin waɗanda suka ayyana 'yancin ƙasar a Vlora tare da Ismail Qemali, shugaban gwamnatin ƙasar na farko.

Abin da ya fi burge ni shi ne, da Ahmet Zogu, wanda daga baya ya zama sarkin Albaniya, ya ƙanƙame mulki, mutumin nan ya ajiye aikin jakadanci a Girka, ya koma Tirana ya buɗe shagon littattafai. Tsohon minista, yana tsaye a bayan kanta yana miƙa wa ɗalibai littafi.

Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai tabo. A 1942 ya jagoranci Balli Kombëtar, ƙungiyar 'yan kishin ƙasa masu adawa da kwaminisanci. Bayan yarjejeniyar haɗin kai da ƙungiyar ta ƙulla da 'yan kwaminisanci a ƙauyen Mukje ta rushe a 1943, ɓangarori na ƙungiyar suka haɗa kai da sojojin Jamus na Hitler don su yaƙi 'yan uwansu Albaniyawa. Wannan laifi ne, kuma shugaba ba ya wanke hannunsa daga abin da aka yi da sunansa. Tsoron Enver Hoxha, jagoran 'yan kwaminisanci, bai isa uzuri ba.

Sai dai abin da gwamnatin Hoxha ta yi masa ma zalunci ne. Ta ƙwace tarin littattafansa, ta laƙaba masa maci amanar ƙasa, aka shafe sama da shekara arba'in yara suna rubuta darasi da haruffan Manastir ba tare da an faɗa musu rawar da ya taka ba. Wannan ne yake ci mini rai. A faɗi laifinsa, a kuma faɗi aikinsa.

Ya tsere daga ƙasar a 1944. A ranar 3 ga Oktoba 1949 ya rasu a ɗakin wani otal a New York, 'yan makonni bayan an naɗa shi shugaban kwamitin 'yan gudun hijira na Albaniya. Sai a 2018 aka dawo da ƙasusuwansa Tirana, aka binne shi kusa da mahaifinsa da baffansa.